Ɗakin da aka tarar da gawa bayan kwana uku: yadda muke kwashe shi

Kiran yakan zo ne bayan an dawo daga maƙabarta. Kafin nan hankalin kowa yana kan wanka da likkafani da sallah, babu mai tuna ɗaki. Sai an shimfiɗa tabarmin zaman makoki, iska ta kaɗo daga lungun, sannan wani dattijo zai ja ƙanin mamaci gefe ya ce, "Malam, ɗakin nan fa sai an san yadda aka yi da shi." A Amurka da Ingila akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai wannan. A nan yawanci kan 'yan'uwa yake faɗawa, ko maƙwabta, ko 'yan agajin masallaci, wani lokaci tare da duba-gari. Mu da muke yin sa a matsayin aiki muna da tsarin da muke bi, kuma zan ɗauki mafi wuyar abin da muke gamuwa da shi in bi shi daki-daki: ɗaki ɗaya ƙafa 12 da 12 a gidan haya, na dattijon da ke zaune shi kaɗai, ya tara kaya har sun kusa silin, ya rasu a kan katifarsa cikin zafin Afrilu, ba a ankara ba sai rana ta uku.

Zuwan farko ba ma ɗaukar ko bokiti. Ta'aziyya muke fara yi, a yi wa mamaci addu'a, sannan mu nemi wanda zai iya magana a gefe. Abin da muke fara tambaya shi ne ko 'yan sanda sun sallami ɗakin. Duk mutuwar da ba a gaban kowa aka yi ta ba, balle wadda aka ga jini ko makami, ɗakin shaida ne har sai mai binciken ya ce ya gama da shi. "An ce sun gama" ba ya isar mu, daga bakinsa muke so mu ji. Wanda ya wanke ɗaki kafin nan ya wanke hujja, kuma yana iya wayar gari shi ake tuhuma.

Sai rashin lafiyar da ta gabaci mutuwar. Idan aka ce hawan jini ne ko ciwon suga ko tsufa, mu ci gaba. Idan aka ce ya yi kwanaki yana zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, da ciwon maƙogwaro, da amai, ko an ga jini ta hanci ko dasashi, a nan muke tsayawa. A rufe ƙofa, a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, 6232. Zazzaɓin Lassa muke tsoro a nan. Wannan zazzaɓi, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, a rani yake tashi, kuma ɗakin da ɓeraye suka yi gida a ciki shi ne mazauninsa. Wannan aikin hukuma ne, su ne kuma za su bi waɗanda suka taɓa gawar har kwana 21. Haka in amai da gudawa ne ya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu, domin ma'aunin ruwan maganin da ke kashe ƙwayar kwalara a ɗaki daban yake. Amma in ba irin waɗannan ba, mukan kwantar wa 'yan gidan hankali da gaskiyar magana: ɗoyin gawa yana tayar da zuciya, yana hana cin abinci, sai dai shi kansa ba ya sa annoba. Haɗarin yana cikin ruwan jikin da jinin, ga wanda ya taɓa.

Tambaya ta uku ita ce ta fi jawo rigima in aka tsallake ta: wa ke magana da yawun magada? Daga lokacin da rai ya fita, ko allurar ɗinki da ke ɗakin nan ta zama dukiyar gado. Mai gidan haya yana son ɗakinsa, zai ce a kwashe komai a zubar, amma ba shi da ikon wannan. Muna neman mutum ɗaya da magada suka amince da shi, da shaida ɗaya daga waje, liman ko mai unguwa, a rubuta a takarda abin da aka yarda a zubar ba sai an tambaya ba, da wanda zai biya kuɗin aiki da na gyaran siminti. Kuma tun daga wannan zaman muke kama bakinmu. Kalmar shara da tarkace da ƙazanta ba sa fita daga bakin ɗayanmu a cikin gidan. "Kayan Baba" muke cewa. Wayoyi a mota suke zama, hoto ɗaya da ya fita ya isa ya tona asirin da mutum ya shekara ashirin yana rufewa da ƙofarsa.

Ana gobe za a shiga, da dare, muke haɗa kaya, amma ruwan kulorin sai da safe, domin kwana ɗaya yake yi ƙarfinsa ya ragu, musamman in ya sha rana. Kala biyu muke haɗawa. Mai ƙarfi, kashi 0.5 cikin ɗari, na ƙasa da bango da takalma da duk abin da ruwan jiki ya taɓa. Mai sauƙi, kashi 0.05, na hannu da tufafin da za a wanke. Lissafin ba wuya: a duba ƙarfin da aka rubuta a jikin robar bilic, a raba shi da 0.5, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne yawan mudun ruwa ga mudu ɗaya na bilic. Irin su Jik da ake samu a kanti galibi 3.5 ne, ke nan ɗaya ga shida, wato kusan lita 3 na bilic da lita 17 na ruwa a jarka mai cin 20. In mai kashi 5 ne, ɗaya ga tara. In garin kulorin ne na HTH mai kashi 65 zuwa 70, cokalin cin abinci goma a cike cikin lita 20, a motsa, a bari ya kwanta na rabin awa, a tsiyaye na sama. Mai sauƙin kuwa daga mai ƙarfin ake cire shi: kofi ɗaya a kofi tara na ruwa. A roba mai murfi ake haɗawa, ƙarfe yana cin kulorin shi ma kulorin yana cin sa. A rubuta wa kowace jarka sunanta da babban baƙi, domin a ido ruwan iri ɗaya ne, kuma wanda ya wanke hannu da mai ƙarfi sau biyar zai ga fatarsa ta tsage.

Abin da muka fi tsawatarwa a kai shi ne gauraya. Mutum ya ga wari ya yi yawa sai ya ce bari ya haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid don su fi aiki. Iskar kulorin ce take tashi, a ɗaki mai taga ɗaya kuwa tana iya kayar da ƙato cikin mintuna. Haka zuba bilic a kan tarin fitsari, shi ma yana tayar da iska mai ƙona ido da ƙirji. Su Izal da Dettol suna da wurinsu a gida, amma ranar wannan aiki muna ajiye su gefe, magani ɗaya muke riƙewa wanda muka san ma'auninsa.

Bayan sallar asuba muke farawa. A buɗe ƙofa da taga, kowa ya ja baya aƙalla rabin awa. Ba a kunna fanka, za ta watsa ƙurar kashin ɓera ne kawai. Cikin wannan rabin awar muke kafa zana ko mu ɗaura tamfol a tsakar gida, mu raba wurin uku: ɗakin kansa, sai bakin ƙofa inda muke shimfiɗa leda mai kauri da daro na ruwa mai ƙarfi don tsoma takalmi, sai can baya inda ruwan sha da sabbin kaya suke. Abin da ya fito daga ɗaki ba ya tsallakawa wuri na uku sai an goge shi ko an sa shi a sabuwar leda. Zanar kuma tana kare idon yara, waɗanda duk yadda aka kore su sai sun dawo.

Mutum huɗu ne mafi ƙaranci: biyu a ciki, ɗaya a ƙofa yana karɓa, ɗaya a waje da hannunsa tsaf yana rubutu da miƙa ruwa da duba agogo. Na ciki suna sa rigar leda mai haɗe da wando da hula, takalmin roba mai tsawo, safar hannu biyu (ta asibiti a ciki, ta roba mai kauri a sama, a naɗe bakinta da salatif a kan hannun riga), tabarau mai rufe gefe, da takunkumi. Takunkumin N95, irin na ma'aikatan asibiti, yana tare ƙura da ɗigon ruwa, amma wari da iskar kulorin suna ratsa shi kamar babu. Don haka na ciki suna sa na roba mai gwangwanin gawayi biyu a gefe, mai tace ƙura da tururi tare. Mai gemu ya san takunkumi ba zai manne masa sosai ba, irinsa mukan ba shi aikin waje. Duk wanda zai shiga sai ya cika allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku cikin wata shida, da ta sarƙewar haƙora. Ƙwayar ciwon hantar nan tana kai mako guda da ranta a busasshen jini, saboda haka "ai ya bushe" ba hujja ba ce.

Zafi ne yake fara kayar da mutum kafin komai. A Afrilu, da rana ta ɗaga, cikin rigar leda a ɗakin kwano, gumi yana taruwa a takalmi har ka ji yana motsi. Minti 40 muke ba kowa, na waje ya buga ƙofa, a fito ko da aiki ya yi daɗi. Wanda ya fara jin jiri ko ya daina gumi an makara wajen fitar da shi. Ana shan ruwan gishiri da suga a kowace fitowa, kuma kafin ƙarfe sha ɗaya mun tashi sai la'asar.

Ba ma fara kwashe ɗakin duka. Hanya muke buɗewa daga ƙofa zuwa gado, faɗin ƙafa uku, domin tushen warin can yake kuma duk awar da ya ƙara ƙudaje suna ƙaruwa. Tarin kaya daga sama ake sauke shi. Wanda ya zaro buhu daga tsakiya zai jawo na sama a kansa, kuma kwalayen ƙasa galibi damina ta riga ta cinye gindinsu, gara ta ƙarasa, sai ka ɗaga ka ga hannunka kawai ya taso da murfi. Hannu ba ya shiga inda ido bai gani ba. Da manjagara da dogon matsi muke jawowa, saboda kunama, da maciji da ke bin ɓera, da reza, da allurar masu ciwon suga da aka cusa a leda. Kowace allura da reza tana tafiya kwalin allurai na asibiti, in babu shi jarka mai kauri mai murfi. Kashin ɓera da sheƙarsa ba a share su a bushe ko kusa. A jiƙa su da mai ƙarfi ta famfon feshi, a ba su minti biyar zuwa goma, a kwashe da tsumma ko shebur. Tsintsiya ba ta shiga ɗakin sai ranar ƙarshe.

In an isa gado, nan ne ake buƙatar natsuwa. A sama za ka ga tabo baƙi-baƙi kamar faɗin tabarmar sallah, ka ɗauka iyakarsa ke nan. Gawar da ta kwana uku a wannan zafi ta kumbura ta saki ruwa mai maiƙo, katifar soso kuwa ta sha iya shanta ta zubar da saura ƙasa. Muna zuba garin katako ko yashi a kan abin da ke kwance har ya tsotse, mu kwashe da shebur, mu yayyafa mai ƙarfi, sannan mu yanka katifar gida huɗu ko shida da wuƙa a inda take, kowane yanki a ledarsa. Ba a jan ta ɗungurungum ta tsakar gida tana ɗiga. Kafin a ɗaure, mukan tsaga gefen da bai jiƙe ba da matashin kai a gaban shaida, domin tsofaffi da yawa nan ne bankinsu. Kuɗin da ya jiƙe a leda daban yake shiga, a rubuta, a miƙa wa wakilin magada ya san yadda zai yi da banki. Allunan gado na katako da suka sha ruwan ba su da magani, ana zare su. Ƙarfen gado yana wankuwa.

Sai a ɗaga ledar ƙasa. Mutane suna ganin leda ta kare siminti, alhali ita take ɓoye ɓarnar. Ruwan yana bin mahaɗin leda ya shiga ƙarƙashi, ya bi gangaren daɓen, sai ka same shi taku uku daga gado, a gindin bango, ƙarƙashin akwatin da kowa ya rantse bai taɓu ba. A nan kuma za ka ga tsutsa ta yi layi tana neman duhu, da wasu 'yan ƙwayoyi ja-ja masu kama da shinkafar da ta ƙone. Kwasfar ƙuda ce, tsutsar da ta ƙoshi ta shiga ciki tana jiran fiffike. Duk wadda aka bari, cikin mako ɗaya zuwa biyu ɗakin zai cika da manyan ƙudaje kore, iyali su ce ba a yi aikin ba, kuma da gaskiyarsu. Muna bin gindin bango da tocila, da ƙarƙashin dokin ƙofa, da duk tsagar siminti.

Da zarar tushen ya fita, ɗakin yakan yi sauƙin shaƙa, sai a koma kan kaya. A nan aikin yake jan lokaci, ɗaki irin wannan yana cin kwana biyu zuwa uku. Muna shimfiɗa tabarma a bayan zana, wakilin magada ya zauna da safar hannu, sau da yawa 'yar mamacin ce ko ƙanwarsa, domin mata sun fi sanin abin da ke da tarihi. Duk abin da ba ya cikin jerin da aka yarda a zubar, ta gabanta yake bi. Ledoji, gwangwanayen madara, kwalaben da ba komai, tsofaffin batura, waɗannan suna wucewa. Amma kowane gwangwani sai an buɗe, kowane aljihu sai an lalube, kowane littafi sai an karkaɗe. A cikin gwangwanin Bournvita na arba'in ake samun takardar fili. Abin da muke sa ido a kai: takardun gida da gona, na fansho, katin banki, katin ɗan ƙasa, hotuna, da 'yan takardun da aka rubuta bashi, wanda ake bin sa da wanda yake bi, tunda sai an biya bashi ake raba gado. Za ka miƙa mata wata tsohuwar hula da ta koɗe, wadda kai da kanka ka kusa jefawa a leda, ta riƙe ta shiru, can ta ce, "Malam, wannan a bar mini." Ba a tambayar dalili, ba a kuma hanzarta ta. Na ƙofa ya ci gaba da miƙa wa na waje abin da ba ya buƙatar ta.

Alƙur'ani, da allo, da littattafan addini, da duk takardar da ke da aya ko sunan Allah, kwali daban muke ware musu tun farko. Masu kyau a goge bangonsu a ba iyali. Waɗanda ruwan ya taɓa ko gara ta ci, liman ne yake faɗin yadda za a yi, a ƙona a wuri mai tsabta ko a binne. Ba sa haɗuwa da sauran kaya a mota ɗaya ko da wasa. Tufafin da ba su jiƙe ba amma sun kama wari, a jiƙa su rabin awa a mai sauƙi, a wanke da sabulu, a shanya a rana kwana biyu. Masu launi za su ɗan koɗe, gara a faɗa tun kafin a tsoma. Abinci kuwa, buhun gero ko masara ko garin da ɓera ya shiga, ba sadaka ba kiwo, zubarwa ne. Wannan yakan yi wa mutane ciwo, amma ta fitsarin ɓera a kan abinci Lassa ta fi shiga gida. Kwalaben fitsari, waɗanda ba a rasa su a ɗakin tsohon da ƙafa ta gaza, masai ake juye su ba tare da an zuba musu komai ba. Kalanzir, tukunyar gas, ragowar fiya-fiya da tsofaffin magunguna gefe guda, nesa da inda za a kunna wuta.

Da mai ɗakin yana raye, da rabin abin da na faɗa ya canja. Tara kaya har ɗaki ya gagari kwana ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba shi suna nasa, ya shiga kundin likitocin Amurka a 2013, daga baya kundin Hukumar Lafiya ta Duniya. Adana leda da kwalba irin na kowane gidan Bahaushe ba shi ake nufi ba. Ana maganarsa ne in gado ya daina kwantuwa, ƙofa ta daina buɗuwa duka, kuma mutum yana shiga tashin hankali na gaske in aka ce a fitar da ko murfin kwano. Abin da 'ya'ya suka fi yi shi ne su jira Baba ya tafi asibiti ko ƙauye, su kawo mota su share ɗakin tas. Irin wannan aiki ba ma karɓa. Ɗakin yana sake cika cikin watanni, abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu ya sa kwaɗo kuma ba ya buɗe wa kowa. Da mai rai, awa biyu muke yi a zama, shi ne mai cewa a fitar ko a bari, kuma ba ma neman ɗaki ya yi kyau. Ƙofa ta buɗu, taga ta buɗu, a raba kaya da risho da wayar wuta, gado ya kwantu, hanyar bayi ta samu. In abin ya zo wa tsoho farat ɗaya, tare da barin wanka da mantuwa, a kai shi a duba gigin tsufa ko ciwon damuwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. In iyali suka ce sammu ne ko iska, ba ma jayayya, mukan ce a haɗa da likita.

In ɗaki ya zama wayam, sai wanki, kuma jerinsa ba ya sauyawa: sabulu tukuna, kulorin daga baya. Datti da maiƙo suna cinye ƙarfin kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta, wanda ya kwarara bilic a kan jini ya ga ya yi fari bai kashe komai a ƙarƙashi ba. Da ruwan sanyi da omo da buroshi muke gogewa, ruwan zafi yana dafa jini ya kama siminti. Daga sama zuwa ƙasa, daga lungu zuwa ƙofa, daga inda ya fi tsabta zuwa inda ya fi ɓaci, ana canja tsumma ba a mayar da shi bokiti. In mutuwar ta wuƙa ce ko bindiga, a kashe fitila a haska tocila a kwance jikin bango, a duba silin da fukafukan fanka da bayan ƙofa, ɗigon jini yana zuwa inda hankali ba ya kaiwa. Sannan a shafa mai ƙarfi, wurin ya zauna a jiƙe minti goma cif. A zafin nan yana bushewa cikin uku, don haka sai an sake shafawa. Tun kafin a shafa mai ƙarfin muke gwadawa da ruwan haidurojin na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis: a ɗiga a tsaga ko inda ake shakka, in ya yi kumfa mai yiwuwa akwai sauran jini, a koma.

Ɗauraya ta ƙarshe da ruwa zalla muke yi, mai yawa, kuma muna kiran wakilin iyali ya gani da idonsa. Tana cire kulorin da zai ci ƙarfe da fenti, amma akwai dalili na biyu. A mazhabar Malikiyya da mutanenmu suke bi, najasa ba ta gushewa a hukunce sai da ruwa mai tsarki wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba. Ruwan bilic yana kashe cuta, amma mai son shimfiɗa darduma a ɗakin nan ba zai natsu ba sai ya ga ruwa tsantsa ya bi wurin.

Wari shi ne alƙalin aikin. Turaren wuta da fesa turare ba sa yin komai sai haɗa ɗoyi biyu, kuma duk wanda ya shaƙi wannan haɗin zai daɗe bai so turaren ba. In wari ya rage, wani abu ne ya rage. Simintin da aka goge da kyau mai santsi yakan wanku. Wanda ya tsage ko mai garas-garas ya sha ruwan, sai an fasa wurin da guduma har a wuce inda launi ya canja, a kwashe, a zuba sabo. Tayil kansa ba ya sha, layin da ke tsakaninsa ne yake sha, wani lokaci sai an ɗaga huɗu ko shida. Daɓen ƙasa kuwa haƙewa ake yi har a wuce danshi, a ƙara taƙi guda ta kowane gefe, a cike da sabuwar ƙasa. Bangon laka a kankare gindinsa a sake yaɓe, na filasta a wanke, ya bushe sarai, a shafa fentin mai hannu biyu ya toshe shi, fentin ruwa wari yana ratsa shi. Silin na kwali yana riƙe wari, in an yi komai abin bai tafi ba shi ne abin zargi. Tiren gawayi biyu ko uku a kusurwa suna taimakawa da ɗan abin da ya saura a iska. Ƙwayar maganin hatsi da wasu ke jefawa a ɗaki don ɓera da kuɗin cizo, mun hana ta gaba ɗaya: iskarta tana bin silin ta shiga ɗakin maƙwabta, kuma ta sha kashe mutane a cikin barci. Tarko, da toshe ramuka da siminti, da feshin wanda ya san aikinsa bayan an fitar da kowa.

Ledojin da suka ɗauki abin da ya jiƙe masu kauri ne, rawaya ko ja irin na asibiti, ba a cika su fiye da kashi uku cikin huɗu, a murɗe baki a lanƙwasa a ɗaure, a goge bayanta da mai ƙarfi, a sa a ta biyu a bakin ƙofa. Ba a rungumar leda a ƙirji, ba a danna ta da ƙafa. Inda ya fi dacewa su tafi shi ne injin ƙona shara na asibiti, kuma tun kafin ranar ake shirya wannan ta hannun duba-gari. In babu, rami mai zurfin mita biyu a bayan gari, nesa da rijiya da aƙalla mita 50, inda ruwa ba ya kwanciya, da izinin hukuma. Soso da ledar ƙasa ba a ƙona su a cikin unguwa, hayaƙinsu guba ne. Bola kuwa sam. Katifar da aka ajiye a bola da safe, kafin azahar 'yan jari-bola sun ɗauke, an yi mata sabuwar riga, wani ya saya wa amaryarsa. Shi ya sa ko gefen da bai ɓaci ba muke yayyanka shi yadda ba zai ɗinku ba. Motar mai rufi ce, kuma mukan loda ta lokacin da layi ya yi shiru.

A wurin cire kaya aka fi kamuwa, domin mutum ya gaji, yana jin ƙishi, yana so ya yage komai. Na waje ne yake faɗa, na ciki yana bi: tsoma takalmi, wanke safar sama, cire ta, zuge riga a naɗe ta ciki ya koma waje har ƙasa, fita daga takalmi, wanke safar ciki, cire tabarau ta baya, cire takunkumi ta igiyarsa ba ta gaba ba, safar ciki ƙarshe, sannan sabulu da ruwa har gwiwar hannu. In allura ta soki wani ko ruwan ya fantsama a ido, aiki ya tsaya nan take. A wanke da sabulu a ruwa mai gudu, ido da ruwa zalla, ba matsa ba tsotsa ba zuba bilic a ciwo, a tafi asibiti a ranar. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, ana shan sa kwana 28.

Ba ma miƙa makulli ranar da muka gama. Mukan bar ƙofa da taga a buɗe kwana uku, sannan mu rufe ɗakin ruf tun safe, mu dawo da azahar lokacin da kwano ya gasu, mu sa wanda bai taɓa shiga ba ya fara shiga, tunda hancinmu ya riga ya saba. In ya ji wani abu, ya nuna kusurwar, mu durƙusa mu nemo. A rana ta goma mu sake leƙowa saboda ƙudaje, mu duba gilashin taga da gindin bango. Sannan a zauna da wakilin magada da shaida, a karanta takardar abin da aka ajiye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu, a ba mai gidan makullinsa.